Yadda Ake Gudanar da Bincike a Unguwa Kan Ruwa, Makaranta da Tsaro

Tambayar nan tana ta dawowa gare ni daga ɓangare biyu. Akwai ɗaliban jami'a da na kwalejojin ilimi da aka tura su yi binciken kundin kammala karatu, suna riƙe da take amma ba su san ƙofar da za su fara ƙwanƙwasawa ba. Akwai kuma 'yan ƙungiyoyin ci-gaban unguwa da suka gaji da kai kuka ofis ana ce musu su koma su kawo a rubuce, da alƙaluma. Dukansu abu ɗaya suke nema: yadda mutum huɗu ko biyar, da kuɗi kaɗan, za su tattara bayanin da jami'i ba zai iya ture shi gefe ba. Misalaina na birnin Kano ne. Wanda ke Zariya, Katsina, Maraɗi ko Damagaram sai ya sauya sunayen ofisoshi, amma jerin matakan ba ya sauyawa, kuma tsallake ɗaya yakan ɓata na gabansa.

1. Ku tsayar da tambaya ɗaya

"Matsalar ruwa a Kano" take ne da ya fi ƙarfin mutum biyar. Ku rage shi har sai ya ƙunshi wuri, lokaci da abin da za a iya ƙirgawa. Misali: nawa gida yake kashewa wajen sayen ruwa a rana a unguwarmu a watan Afrilu, kuma daga ina ruwan yake fitowa? A ɓangaren ilimi: yara nawa 'yan shekara 6 zuwa 11 ne ba su je firamare ba a makon jiya, kuma me ya hana su? A ɓangaren tsaro: idan aka ƙwace wa mutum waya ko aka hauro masa gida, wa yake fara kai wa ƙara, 'yan sanda, 'yan sintiri, Hisba ko mai unguwa, kuma me ya sa?

Sannan ku tambayi kanku wa zai yi aiki da amsar. Idan ba ku iya ambaton ofis ko kwamiti ɗaya da amsar za ta sa ya yi wani abu daban ba, tambayar ba ta nuna ba tukuna. Ni a nan nake so a fi daɗewa, domin duk wahalar shiga lungu-lungu cikin rana a kan wannan jimla ɗaya take tsaye.

Gargaɗi: kada ku haɗa ruwa, makaranta da tsaro a takarda ɗaya don kawai kun riga kun shiga gidan. Tambayoyin za su yi yawa, mai amsa zai gaji, kuma tambayar tsaro ɗaya tana iya sa ya rufe baki a kan sauran.

2. Ku duba abin da aka riga aka rubuta

Kwana biyu ko uku sun isa. Ɗakin karatun sashenku yana cike da kundayen waɗanda suka gabace ku, kuma a Kano akwai ɗakin karatu na Jami'ar Bayero da na Gidan Mambayya a Gwammaja. Rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, irin binciken gidaje da ta yi tare da UNICEF a 2021, suna intanet kyauta, har da tambayoyin da aka yi amfani da su. Ku karanta tambayoyin da kyau, an riga an gwada su a dubban gidaje.

Gargaɗi: ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce. Unguwannin Kumbotso da Ungogo da yawa gonaki ne a lokacin. Kada ku gina lissafinku a kan adadin wancan zamani, ku ƙirga da kanku a mataki na 4.

3. Neman izini, daga ƙasa zuwa sama

Ku fara da takardar gabatarwa daga sashenku ko ƙungiyarku, mai hatimi da lambar wayar wani babba da za a iya kira. Ku yi kofe da yawa, kowane mai tambaya ya riƙe ɗaya a jakarsa.

Ƙofar farko ita ce ta mai unguwa. Ku je da wani ɗan unguwar da aka san gidansu, ku gaisa yadda ya kamata, ku faɗi maganar a taƙaice: "Ranka ya daɗe, mun zo ne neman izini mu zaga gidaje mu yi tambaya kan yadda ake samun ruwa. In mun gama za mu dawo mu karanta maka abin da muka samu kafin mu kai ko'ina." Shi zai ce ko sai an sanar da dagaci, a wasu wuraren ma har hakimi. Ku bi abin da ya ce ko da zai ci muku mako guda. Daga nan ku roƙi limamin masallacin unguwa ya yi sanarwa bayan salla, ku kuma roƙi shugabar Islamiyyar matan aure ta gaya wa mata. Sanarwar nan biyu ita ke buɗe ƙofofi, fiye da kowace takarda.

Hukumomi kuma kowanne da hanyarsa. Makarantar firamare ta gwamnati ba a shiga da takardar tambayoyi sai da izinin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda ke ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Hedimasta zai karɓe ku da fara'a, amma ba zai buɗe muku rajista ba sai ya ga takardar sama. A ɓangaren tsaro ku je wurin DPO, wato shugaban ofishin 'yan sandan yankin, kuma ku shirya jin cewa alƙaluman ƙararraki sai da izinin hedikwata ta Bompai. Shugaban 'yan sintirin unguwa ma a same shi a ofishinsa, a gaya masa abin da ake yi. Idan binciken ya taɓa lafiya, misali kuna son haɗa ruwa da gudawar yara, to sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku ko na Ma'aikatar Lafiya.

Idan wani dattijo ya tsare ku da tambayoyi, kada ku ji haushi. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma suna da haƙƙin sanin wa ya aiko ku da abin da za a yi da maganarsu.

Gargaɗi: mai unguwa zai iya haɗa ku da ɗan rakiya. Ku karɓa da godiya, ya nuna muku iyaka da lunguna, amma ya tsaya a waje lokacin tambaya. Kuma kada ya zaɓar muku gidaje. A binciken tsaro, ɗan sintiri ba zai yi muku rakiya ba ko kusa: babu wanda zai ce 'yan sintiri suna dukan yara alhali ga ɗaya tsaye a ƙofar zaure.

4. Shata iyaka, ƙirga gidaje, zaɓe

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke bambanta bincike da jin ra'ayin abokai.

Ku zaga iyakar unguwar da ƙafa tare da ɗan rakiya. Ku zana taswira a babbar takarda: titi, lunguna, masallatai, makarantu, rijiyoyin burtsatse, famfunan kan titi, bola, kwatoci, ofishin 'yan sintiri. Hoton sama na Google Maps zai taimaka wajen zanen, amma a cikin tsohon birni lunguna da yawa ba sa fitowa. Sai ku bi layi-layi kuna ba kowace ƙofa lamba a littafi. Kada ku rubuta lamba a bangon mutane da alli, za a ɗauka rusau ne ko haraji.

Ku yanke tun yanzu me kuke nufi da "gida". Ƙofa ɗaya a Fagge ko Kurna tana iya ɗauke da iyali shida na haya, a cikin birni kuma gidan gado mai sassa huɗu. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne tukunya: waɗanda ake dafa wa abinci a tukunya ɗaya su ne gida ɗaya. Idan ƙofar da kuka zaɓa tana da tukunya fiye da ɗaya, ku jefa ƙuri'a ku ɗauki ɗaya, ku rubuta yawan sauran.

Gida nawa za a tambaya? Ga ma'aunin da za ku riƙe. Idan an zaɓi gidajen ba son rai, gida 100 suna ba da sakamakon da zai iya kauce wa gaskiya da kusan kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa. Gida 200 suna rage kaucewar zuwa kusan kashi 7, gida 384 kuma zuwa kashi 5. Ga ƙungiyar unguwa, 200 adadi ne mai kyau. Ɗalibi kuma ya bi abin da malaminsa mai duba aiki ya amince da shi.

A ce kun ƙirga ƙofa 1,200 kuna son 200. Ku raba, ya ba ku 6. Ku rubuta 1 zuwa 6 a 'yan takardu, ku naɗe, yaro ya ɗauki ɗaya. In 4 ta fito, gidajenku su ne na 4, na 10, na 16, haka har ƙarshen littafi.

Gargaɗi: idan ba a sami kowa a gidan da aka zaɓa ba, a dawo sau biyu a lokuta daban kafin a maye gurbinsa da na gaba. Gidan da kullum ba kowa da rana galibi na masu fita nema ne, kuma idan kuka riƙa tsallake su kun cire wani rukuni na mutane gaba ɗaya. Haka nan gidajen bakin titi sun fi sauƙin shiga, amma masu wahalar ruwa da tsoron dare suna can ƙarshen lungu inda kurar ruwa ba ta iya shiga.

5. Rubuta tambayoyin da Hausa

Ku rubuta su da Hausa tun farko, irin wadda ake yi a tsakar gida. Idan makaranta tana son na Turanci, a fassara daga baya a saka a ƙarshen kundi. Barin kowane mai tambaya ya fassara da kansa a bakin ƙofa yana nufin mutum huɗu suna yin tambaya huɗu daban-daban. Kada tambayoyin su wuce 25, kuma kada zaman ya wuce minti 20.

Ku tambayi abin da ya faru jiya ko makon jiya, ku guji "yawanci". "Jarka nawa kuka saya jiya?" tana da amsa. "Nawa kuke kashewa a ruwa a wata?" sai dai a yi muku kintace. Ku biyo da: nawa aka sayi kowace jarka, mai lita 20 ce ko 25, daga ɗan ga-ruwa ne ko an je an ɗebo, wa ya ɗebo, minti nawa ya ɗauka zuwa da dawowa har da layi, yaushe rabon da famfo ya kawo ruwa, ruwan sha daban ne da na wanki ko ɗaya ne. Tambayar wa ya ɗebo tana da muhimmanci, domin a nan za ku ga yarinyar da ta makara makaranta saboda layin burtsatse.

A ilimi akwai tarkon da kusan kowa ke faɗawa. Ka tambayi uwa "Yaron nan yana zuwa makaranta?" za ta ce yana zuwa, kuma gaskiya ta faɗa, domin yana zuwa makarantar allo da asuba ko Islamiyya da yamma. Ku raba tambayar gida uku: allo, Islamiyya, boko. Sannan ku bambanta wanda aka sa sunansa da wanda yake zuwa: "A makon jiya kwana nawa ya je?" Wajen dalili kada ku karanto musu zaɓi, ku bari su faɗa da bakinsu sannan ku yi alama: kuɗin yunifom, kuɗin jarabawa, talla, nisa, rashin malami, tsoron hanya. Doka ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, don haka duk kuɗin da iyaye suka ce suna biya ku rubuta sunansa da adadinsa daidai yadda suka faɗa.

A tsaro, ku taƙaita lokaci zuwa wata 12 da suka wuce, ku ɗaure shi da abin da ake tunawa: "daga babbar sallar bara zuwa yau". Ku tambayi abin da ya sami mutanen gidan kawai, ban da wanda aka ji labari, in ba haka ba ƙwacen waya ɗaya zai fito muku sau 30. Ku tambayi wa aka kai wa ƙara, me ya biyo baya, an biya wani abu ko a'a, nawa gidan ke bayarwa na kuɗin sintiri a wata, kuma wa ke karɓa.

Gargaɗi: kada ku taɓa tambayar sunan ɗan daba, mai sayar da ƙwaya ko wanda ake zargi. In an faɗa muku, kada ku rubuta. Ku ba 'yan sanda ba ne, kuma takarda tana iya faɗuwa a hannun da bai kamata ba.

Wani gargaɗin: mutane da yawa ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya kai tsaye, haka ma tambayar abin da maigida ke samu. Ku ce "Mutum nawa aka dafa wa abinci jiya da dare?" Maimakon albashi ku tambayi abin da ake gani: gidan haya ne ko na kai, akwai rijiya, akwai tankin ruwa, akwai sola. Irin waɗannan tambayoyi su zo a ƙarshe, bayan an saba.

6. Takarda ko waya

Takarda ba ta mutuwa saboda caji, kuma ba ta jan idon masu ƙwace. Wahalarta sai an zo shigar da amsoshi kwamfuta. Waya kuma tana rage kuskure. KoboToolbox yana da tsarin kyauta da ya ishi ƙaramin bincike: ana tsara tambayoyin a kwamfuta, a sauke manhajar KoboCollect a wayar Android, a yi aiki ba tare da intanet ba, da yamma a tura. Google Forms yana buƙatar sabis a kowane gida, don haka bai dace da lungu ba.

In kun zaɓi waya, ku tanadi abin ajiye caji ga kowa da takardu 20 na ko-ta-kwana. In takarda ce, ku buga da ƙarin kashi 10, ku sayi fensir, allon dannawa da jakar leda saboda ruwan sama. Ko wanne kuka zaɓa, kowa ya riƙe ƙaramin littafi na rubuta abin da ya gani wanda babu shi a tambayoyin.

Gargaɗi: a binciken tsaro ku kashe ɗaukar wurin da gida yake a taswira, kuma ban da hoto. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin bayanan mutane a kan wanda ya tattara su. Lamba kawai za ta hau takardar amsa. Littafin da ya haɗa lamba da ƙofa ya zauna wurin mutum ɗaya.

7. Masu tambaya, horo da gwaji

Aƙalla rabinsu su zama mata. A gidajen da aka rubuta "Ba a shiga" namiji iyakarsa zaure, kuma matar gida ce ta san jarka nawa aka saya da wane yaro ne bai je makaranta ba. Maigida zai ba ka amsa cikin ƙarfin hali, amma sau da yawa ya fita tun da safe. A tafi bibbiyu, mace da namiji, amma kowa da gidan da yake tambaya. Ya fi kyau su zama 'yan unguwar da ke makwabtaka: sun san gari, amma ba su san sirrin gidan ba.

Horo kwana biyu. Ranar farko a karanta tambayoyin ɗaya bayan ɗaya har kowa ya fahimci abin da ake nema. Rana ta biyu su yi wa juna, ɗaya ya zama Hajiyar da ke sauri za ta ɗora girki, ɗaya ya zama dattijon da ke son ba da tarihin unguwa. Rana ta uku a gwada a gida 10 zuwa 15 a wata unguwa daban. Duk tambayar da aka ce muku "me kike nufi?" sau biyu, a sake ta. Amsoshin gwaji ba sa shiga lissafi.

8. Kasafin kuɗi

Farashi yana sauyawa, don haka ku tambayi na makon da za ku fara, amma ga yadda ake lissafin. Mai tambaya ɗaya yana iya gama gida 10 a rana ba tare da gaggawa ba. Mutum 4 za su gama gida 200 a kwana 5. Ku ƙara kwana 3 na horo da gwaji, da kwana 2 na komawa gidajen da ba a samu ba, ya zama kwana 10. Sau mutum 4, kwanan aiki 40 ke nan. Ku ninka da alawus ɗin rana, wanda ya ƙunshi kuɗin adaidaita sahu, abincin rana da ruwa. Wannan shi ne mafi girman kaso. Sauran su ne bugu da kofe, data da katin waya, kwana biyu na ƙirga ƙofofi, ɗan abin goro na ɗan rakiya, hayar kujeru da lemo na zaman tattaunawa da na ranar karanta sakamako. Ku ɗora kashi 10 na abin da ba a zata ba.

Ku ware kuɗin mataki na 12, wato na mayar da sakamako, a ambulan daban tun yau. In ba haka ba zai ƙare a hanya.

Gargaɗi: kada ku biya mai tambaya bisa yawan takardun da ya cike. Wanda aka biya haka yana iya zama a gindin bishiya ya cike 20 da kansa. Kuma kada ku ba masu amsa kuɗi. Labari zai zaga kafin azahar cewa ana rabo, gobe kowa zai ce bai da ruwa, bai da komai.

9. Ranar fita

Mata sun fi samun sarari da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora abincin rana. Maza kuma bayan la'asar, ko tsakanin magariba da isha'i a ƙofar gida. Ku bar Juma'a. Ku kauce wa azumi da makon salla, domin amfani da ruwa da zuwa makaranta duk suna sauyawa. Binciken ruwa a watan Agusta da na watan Afrilu ba za su ba da amsa ɗaya ba, saboda haka ku rubuta watan a kan rahoton ƙarara.

Bayan sallama da gaisuwa, kowa ya faɗi magana iri ɗaya, wadda ya haddace: "Inna, daga makaranta kaza nake. Muna tambayar gidaje ne kan yadda ake samun ruwa a unguwar nan, kuma mai unguwa ya san da zuwanmu. Ba rabon tallafi ba ne, ba kuma haraji ba. Ba zan rubuta sunanki ba. Zai ɗauki kamar minti 20. In kin yarda mu fara, in ba ki da hali ba komai, kuma ko mun fara kina iya cewa a tsaya." In ta ce sai maigida ya dawo, ku tambayi lokacin, ku dawo. Yaro ƙasa da shekara 18 ba a yi masa tambaya sai da yardar iyayensa, almajiri kuma sai da ta malaminsa.

Kowace yamma a zauna a duba takardun ranar tun ana tuna gidajen. Jagoran aiki ya zaɓi gida ɗaya cikin 10 ya koma washegari ya maimaita tambaya uku, don ya tabbatar an je.

10. Ku gani da idonku

Abin da aka faɗa muku rabi ne. Ku zauna a bakin burtsatse daga bayan asuba zuwa hantsi, ku ƙirga kura nawa ta cika, jarka nawa ke kan kowace, nawa ɗan ga-ruwa ya biya mai burtsatse, da inji ake tayarwa ko da sola. Bambancin abin da ya biya a nan da abin da ya sayar a ƙarshen lungu shi ne ladan turin kurarsa, kuma ya kamata rahoto ya nuna shi da adalci. Ku buɗe kowane famfon kan titi ku gani ko yana kawowa. Ku auna taku nawa ne tsakanin rijiya da shadda ko kwata mafi kusa.

A makaranta ku je ba tare da sanar da rana ba, bayan kun sami izinin zuwa. Ku ƙirga kawunan da ke aji da ƙarfe 9, ku sake da ƙarfe 12, ku kwatanta da rajista. Ku ƙirga malaman da ke cikin aji a lokacin, ban da waɗanda ke jerin sunaye. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, da ita za ku auna. Ku leƙa banɗaki, musamman na 'yan mata.

A ofishin 'yan sintiri ku tambayi ko suna da littafin shigar da ƙara, mutum nawa ke fita dare, awa nawa suke riƙe wanda suka kama kafin su miƙa shi ga 'yan sanda, wa ke binciken kuɗin da aka tara. Ku saurare su da mutunci. Da yawansu suna kwana a waje a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Bayan haka ku yi zaman tattaunawa biyu ko uku na mutum 6 zuwa 8: mata daban, matasa daban, dattawa daban. In aka haɗa su dattawa ne kaɗai za su yi magana. A nan ne za ku ji dalilin da ke bayan alƙaluman.

11. Lissafi

Excel ya isa. Layi ɗaya gida ɗaya, kowace tambaya da ginshiƙinta. Ku fara da neman abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar gida mai mutum 3 da ya sayi jarka 40, ku koma takardar asali ku duba.

A ce gida mai mutum 8 ya sayi jarka 6 masu lita 25. Lita 150 ke nan, kusan lita 19 ga kowane mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata, kuma ma'aunin duniya na samun ruwa daidai gwargwado shi ne kada zuwa da dawowa da layi su wuce minti 30. In jarka naira 100 ce a misalinmu, gidan yana kashe naira 600 a rana, 18,000 a wata. Ku yi wa kowane gida haka, sannan ku faɗi kashi nawa ne ke ƙasa da lita 20.

Gargaɗi: gida biyu masu sayen tanka guda za su ja matsakaicin kuɗi sama. Ku jera adadin daga ƙarami zuwa babba ku ɗauki na tsakiya, shi ya fi nuna halin talaka. Duk inda kuka rubuta kashi, ku rubuta adadin gidajen a gefensa. Kuma abin da kuka samu na unguwarku ne a watan da kuka yi aikin, kada ku rubuta "mutanen Kano".

12. Mayar da sakamako, sannan a kai ofis

Kun yi wa mai unguwa alkawari a mataki na 3. Ku koma ku karanta masa tare da liman, shugabar mata, kwamitin makaranta ko shugaban 'yan sintiri, gwargwadon abin da kuka bincika. Ku yi da Hausa, da baki, da babbar takarda mai alƙaluma huɗu ko biyar. Za su gyara muku abubuwa: wani famfon da kuka ce ya mutu ashe da tsakar dare yake kawowa. Ku karɓi gyaran abin da ya faru, amma kada ku goge sakamako don bai yi wa wani daɗi ba. Mata su sami nasu zaman a Islamiyya, tunda su suka ba da mafi yawan amsoshin.

Daga nan ku rubuta shafi biyu kacal don hukuma: abin da aka tambaya, gida nawa, wane wata, sakamako uku mafi nauyi, da buƙata ɗaya ko biyu da ofishin ke da ikon yi. Maganar bututu da famfo ta Hukumar Ruwa ce, ta kwashe shara ta REMASAB, ta malamai da azuzuwa ta sakataren ilimi da SUBEB, ta sintiri kuma ta DPO da kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma su sami kofe. Ku kai da hannu tare da wakilin mai unguwa, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kofenku, ku rubuta sunan ofishin da aka tura takardar. Bayan mako uku ku koma da wannan kofen ku tambayi inda ta kwana.

Littafin da ya haɗa lambobi da ƙofofi kuma, da zarar an kammala duba aiki, a ƙone shi. Taswirar da tambayoyin ku ajiye su wurin sakataren ƙungiya ko a sashenku, domin wanda zai maimaita binciken a wata irin wannan baɗi ya yi amfani da tambayoyi iri ɗaya, a ga ko lita 19 ɗin ta motsa.